Wane Mudu Ne Ya Fi Adalci? Tambaya Kan Lambar da Gem Ke Liƙa wa Mutum

Duk wanda ya taɓa buga PUBG ko Call of Duty ko eFootball da mutanen da bai sani ba ta intanet, ya san cewa wasan ba ya ƙarewa a lokacin da aka harbe na ƙarshe ko aka busa usur. Akwai wasu 'yan daƙiƙoƙi bayan nan da fuskar waya ke nuna sakamako: an ƙara maka maki kaza, ko an zabge maka kaza. Waɗannan daƙiƙoƙin su ne ke sa magidanci ya yi tsaki shi kaɗai a ɗaki da tsakar dare, su ne kuma ke sa yaro ya ce "bari in ƙara ɗaya" har asuba ta riske shi. Ba kuɗi ba ne, ba a sayen ko ƙulli ɗaya na gishiri da su. Amma mutum yana jin lambar nan tana faɗin wani abu a kansa, kuma yana jin zafi idan yana ganin ƙarya ta yi masa.

Kamfanonin gem ba mudu ɗaya suke awo da shi ba. Kowanne da nasa, kuma idan aka zauna aka duba yadda aka ƙera kowane mudu, sai a tarar a cikinsa an ɓoye amsar wata tsohuwar tambaya wadda ta girmi kwamfuta: da me ya kamata a hukunta mutum, da abin da ya yi ko da abin da ya samu? Shin daidai ne a kama shi da laifin abokin tafiyarsa? Kuma mai awo yana da haƙƙin ɓoye mudunsa?

Tushen duka shi ne wani malamin kimiyyar fiziks mai suna Arpad Elo. An haife shi a ƙasar Hungari a 1903, ya tashi a Amurka, ya koyar a Jami'ar Marquette da ke Milwaukee, kuma gwani ne a darar Turawa da ake kira chess. Hukumar wasan ta Amurka ta karɓi tsarinsa a 1960, hukumar duniya, FIDE, ta bi sahu a 1970. Dabararsa ba ta da wuyar ganewa. Kowane ɗan wasa yana da lamba. Tazarar da ke tsakanin lambobin mutum biyu ita ce ke hasashen wanda zai ci. Idan ka fi abokin karawarka da maki 200, ana sa ran za ka kwashi kimanin kashi 76 cikin 100 na sakamakon karawarku. Idan tazarar ta kai 400, kusan goma da ɗaya ke nan. Bayan an tashi wasa, sai a gwada abin da ya faru da abin da aka yi hasashe, a gyara lambobin gwargwadon kuskuren. Mu ɗauka mafi yawan abin da wasa ɗaya zai iya motsawa maki 20 ne. Tsara biyu masu 1500 suka kara, wanda ya ci ya samu 10, wanda aka ci ya rasa 10. Amma idan mai 1500 ya kayar da mai 1900, zai tashi da kusan 18, alhali da babban ne ya ci, 2 kacal zai samu. Kayar da wanda ba tsaranka ba ba ya kawo komai sai gajiya. Har hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta koma kan irin wannan lissafi a 2018 wajen jera ƙasashe.

Akwai wani kyau a wannan tsari da ya kamata a faɗa kafin a fara suka. Lambar Elo ba ta san ɗan wane ne kai ba. Ba ta san shekarunka ba, ba ta san ko da tsohuwar waya mai fasasshen gilashi kake wasa ba, ba ta jin kirari, ba ta karɓar cin hanci. A duniyar da sau da yawa ake ba mutum matsayi saboda wanda ya tsaya masa, akwai sanyin zuciya a wurin da ake cewa zo ka gwada kawai. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma Elo ya ɗauki wannan magana ya mayar da ita lissafi.

Sai dai abin da yawancin 'yan wasa ke mantawa shi ne lambar ba awon mutum ba ce irin na tsawo ko nauyi. Hasashe ce, kuma hasashe ne a tsakanin wasu mutane ƙayyadaddu. Lokacin da Magnus Carlsen ya kai 2882 a 2014, lambar da ba wanda ya taɓa kaiwa, ma'anarta ita ce ga yadda ya tsere wa mutanen zamaninsa. Ba ta ce da zai kayar da gwanayen da suka mutu kafin a haife shi ba. Haka mai 1800 a wani dandali zai iya zama mai 1500 a wani, ba tare da ya manta komai ba. Mutanen da ake gwada shi da su ne suka canja. Lambarka ba taka ba ce kai kaɗai, rabonka ne a cikin jama'a. Kuma a tsarin Elo na asali, duk makin da ya shigo aljihunka daga aljihun wani ya fito. Ba a buga sababbin kuɗi a wannan kasuwa.

Raunin Elo babba shi ne yana magana da murya ɗaya a kan kowa. Zai ce wane 1500 ne, wane ma 1500 ne, alhali na farko ya buga wasa dubu, na biyu kuwa jiya ya shigo. A 1995 wani masanin ƙididdiga Ba'amurke, Mark Glickman, ya fito da tsarin da ake kira Glicko don toshe wannan ɓaraka. Ya ƙara lamba ta biyu a gefen ta farko, wadda aikinta kawai shi ne ta faɗi yawan shakkar da ake da ita. Sabon shiga yana farawa da 1500, da shakka ta 350, wato tsarin yana cewa: ina zaton tsaka-tsaki ne, amma zan iya yin kuskure mai nisa. Kowane wasa yana rage shakkar. Muddin shakkar tana da yawa, lambar tana tsalle da sauri, sama ko ƙasa, don mutum ya isa wurinsa da wuri. Idan kuma ka ajiye wasa na watanni, shakkar tana sake kumbura, domin ba wanda ya san abin da ya same ka a tsakani: ko ka yi tsatsa, ko ka je wani wuri ka ƙware. Dandalin dara na Lichess yana amfani da sabon samfurin wannan tsari, kuma idan bai gama saninka ba, sai ya liƙa alamar tambaya a gaban lambarka.

Wannan alamar tambayar, a ganina, ita ce abu mafi mutunci da aka ƙirƙiro a duk wannan fage. Mu duba yadda mu kanmu muke auna juna. Yaro ya faɗi jarrabawa ɗaya a aji uku, an gama da shi, daƙiƙi ne har ya yi furfura. Mutum ya yi suna da gwaninta shekara ashirin da suka wuce, har yau da wannan sunan yake cin abinci ko da hannunsa ya daina. Hukuncinmu ba ya tsufa, ba ya shakka, ba ya cewa "na daɗe ban gan shi ba, bari in sake dubawa." Glicko yana yin abin da mai hankali ya kamata ya yi: yana riƙe ra'ayinsa da ƙarfin da hujjarsa ta kai, ba fiye ba. Kamfanin Valve ma ya mayar da wasansa na Dota 2 kan wannan tsari a 2023, har yana nuna wa ɗan wasa kashi nawa cikin ɗari ya amince da matsayin da ya ba shi.

Microsoft kuwa ta ɗauki shakkar ta yi wani abu dabam da ita. Tsarinta na TrueSkill, wanda ya fara aiki a 2005 a dandalin Xbox, shi ma yana riƙe lambobi biyu: zaton gwaninta, wanda ke farawa daga 25, da shakka, wadda ke farawa daga 8 da ɗoriya. Amma abin da ake jera mutane da shi shi ne zaton bayan an cire shakkar sau uku. Yi lissafin: sabon shiga sifili ne. Wato ba a ba ka abin da ake zaton kana da shi, sai abin da aka kusan tabbatar ba ka gaza shi ba. Ɗan kasuwar da ba ya ba da bashi sai ya ga jingina ke nan. Akwai rowa a ciki, amma akwai wayo: tunda shakka tana raguwa da kowane wasa, sabon ɗan wasa yakan ga lambarsa tana hawa a farkon tafiya, sai ya ji daɗi ya zauna.

Abin da ya sa aka ƙera TrueSkill tun farko shi ne wasannin ƙungiya, kuma nan ne tambayar adalci take yin tsauri. A dara, kai kaɗai ne a gaban allo. Ka ci, kai ka ci. Amma a League of Legends ko Dota ko Counter-Strike, mutum biyar ne da mutum biyar, kuma sau da yawa huɗun nan ba ka taɓa jin sunansu ba, kwamfuta ce ta haɗa ku minti ɗaya da ya wuce. Ka yi iya yinka, wani ya yi fushi ya fita a tsakiyar wasa, ko ya riƙa kai kansa ana kashewa da gangan. An ci ku. An zabge maka maki kai ma. Wake ɗaya ya ɓata gari, kuma an ce kowa ya biya kuɗin garin.

Daga nan ne 'yan wasa suka ƙirƙiro abin da suke kira jahannamar Elo: wani rami a ƙasan tsani inda, a cewarsu, gwani ke maƙalewa saboda abokan tafiyarsa sun yi lalacewar da ba zai iya ɗaukarsu ba. Masu lissafi suna da amsa, kuma amsar tana da ƙarfi. Suka ce, kujeru goma ne a wasan. Ɗaya taka ce. Idan kai ba mai ɓarna ba ne, to mai ɓarna yana da kujeru huɗu da zai iya faɗowa a ɓangarenka, biyar a ɓangaren abokan gaba. Idan wasanni suka yi yawa, ɓarnar ta fi sauka a kansu fiye da kanka. Abu ɗaya tilo da ke cikin duk wasanninka, ba ya canjawa, shi ne kai. Don haka idan ka buga ɗaruruwa kana nan inda kake, to nan ne wurinka. Laifi tudu ne, kowa yana taka nasa ya hango na wani, kuma ba inda wannan ya fi bayyana kamar wurin da mutum ke tuna duk wasan da aboki ya kayar da shi, ya manta duk wanda aboki ya goya shi zuwa nasara.

Na yarda da lissafin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce lissafin ya rufe bakin mai ƙorafi. "Idan wasanni suka yi yawa" magana ce mai tsada. Wasa ɗaya na League yana cin kusan rabin sa'a. Wasa ɗari, sa'a hamsin ke nan. Ɗalibin da ke hutu yana da su. Mai shago ko malamar makaranta da ke samun wasa biyu a daren Asabar ba su da su. Ga irin waɗannan, adalcin da ake alkawari yana can ƙarshen wata hanya da ba za su taɓa kaiwa ba, abin da suke gani kawai shi ne daren yau, kuma a daren yau an zalunce su da gaske. Tsarin yana da gaskiya a kan jimilla, yana iya yin ƙarya a kan kowane wasa ɗaya. Wanda ya ce wa mutum ya yi haƙuri domin a dunƙule an yi masa adalci, ya faɗi gaskiya, amma bai amsa kukan da aka kawo masa ba.

To me zai hana a auna kowa da aikinsa? Kwamfuta tana ganin komai: harbi nawa ka yi, mutum nawa ka kashe, sau nawa ka mutu. A ba wanda ya yi ƙoƙari lada ko da ƙungiyarsa ta faɗi. Da jin wannan, kowa zai ce ai shi ne adalci. An gwada. Overwatch na kamfanin Blizzard, wanda ya fito a 2016, ya riƙa sa ƙoƙarin mutum a cikin lissafin makinsa, yana gwada alƙalumansa da na sauran masu riƙe irin gwarzonsa. Abin da ya biyo baya shi ne mutane suka fara yi wa alƙaluma wasa maimakon nasara. Wanda ya kamata ya sauya gwarzo don ƙungiya ta tsira sai ya ƙi, saboda da wannan ne yake tara lambobi masu kyau. A farkon 2018 kamfanin ya cire wannan lissafi ga duk wanda ya kai matakin Lu'ulu'u zuwa sama, ya koma kan ci da faɗuwa zalla. Masu PUBG a waya sun san ɗan'uwan wannan ciwo ta wata fuskar. Tunda daɗewa a raye yana kawo maki, sai ka ga mutum ya sauka can bayan gari, ya kwanta rub da ciki a ciyawa minti ashirin bai harba ko harsashi ɗaya ba, yana jiran saura su ƙarar da juna. Maciji ake ce wa irinsa. Yana hawa tsani, amma wasan da ya zo yi bai yi shi ba. Wani masanin tattalin arziki na Ingila, Charles Goodhart, ya lura da irin wannan tun 1975 a harkar kuɗi: da zarar an mayar da ma'auni abin nema, sai ya daina auna abin da aka ƙera shi dominsa. Idan kiɗa ya canja, rawa ma canjawa take yi, kuma 'yan wasa sun fi kowa saurin jin sabon kiɗa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi. Mafi yawan aikin da ke kawo nasara a ƙungiya ba ya barin sawu. Wanda ya tsaya gadin wata ƙofa da ba wanda ya biyo ta, kuma ba a biyo ta ba ne saboda yana wurin. Wanda ya ja hankalin mutum uku ya mutu, abokansa suka samu hanya. Wanda ya kwantar da hankalin abokin da ya fara zage-zage. A takardar alƙaluma, na farko bai yi komai ba, na biyu ya mutu a banza, na uku ma babu shi. Mudun da ke auna aikin mutum ɗaya yana auna abin da ake iya ƙirgawa ne, kuma abin da ake iya ƙirgawa ya fi karkata ga mai son kansa. Mudun ci da faɗuwa makaho ne, amma makantarsa tana da wata fa'ida: duk abin da ya taimaka aka ci, ko an gan shi ko ba a gani ba, yana cikin sakamakon. Ba na musun cewa duba alƙaluman mutum yana ƙara kaifin hasashe. Masu binciken Microsoft sun ba da rahoto a 2018 cewa TrueSkill na biyu, wanda ke duba yawan kisa da halin fita daga wasa, ya hasashi sakamako daidai kashi 68 cikin 100 a wasan Halo 5, inda na farko ya tsaya a 52. Wannan tazara ce babba, kuma tana da amfani wajen gane sabon shiga da sauri. Amma hasashe daban, tarbiyya daban. Ma'auni ba ya tsayawa a gefe yana kallo, yana koya wa mutane abin da za su zama. Idan aka tilasta mini zaɓi, na fi son wanda zai zalunce ni a wasu darare amma ya ɗaure ribata da ta abokaina, a kan wanda zai biya ni daidai ya kuma koya mini in bar su su mutu.

Wani zaluncin kuma ba daga aboki yake zuwa ba. Mai wasa daga Kano ko Maraɗi ko Kumasi yana karawa da mutumin da saƙonsa ke isa kwamfutar kamfanin kafin nasa, saboda ta fi kusa da shi. Sun ga juna lokaci ɗaya, sun danna lokaci ɗaya, ɗaya ya mutu. Ko a ɗauke wuta, ko sabis ya yanke, ko data ta ƙare ana tsakiyar fafatawa. Tsarin ba ya bambanta wanda ya fita don fushi da wanda duhu ya rufe, duka biyun gudu suka yi a wurinsa, kuma yakan ƙara musu da horo. Masana falsafa biyu, Bernard Williams da Thomas Nagel, sun yi muhawara a 1976 kan wannan matsala a rayuwa gaba ɗaya: muna cewa ba a kama mutum sai da abin da ke hannunsa, amma kullum muna yabo da zargi a kan abin da sa'a ta yanke. Kamfanin yana da hujjarsa, domin da zai yafe wa duk wanda sabis ɗinsa ya yanke, da kowa ya ga za a ci shi sai ya kashe data. Kuma idan aka koma ga ma'anar lambar ta asali, ba ta yi ƙarya ba: hasashe take yi na yadda wasanka zai ƙare, kuma wasan mai raunin sabis yakan ƙare da faɗuwa. Kuskuren yana wurin karatu. Lambar tana auna kai da wayarka da wutar unguwarku da nisanka da Turai a dunƙule, mu kuma muna karanta ta kamar kai kaɗai ta auna.

Duk abin da na faɗa zuwa nan matsalolin mai awo ne mai niyyar gaskiya. Akwai wata tambayar ta daban: shin mudun da ake nuna maka shi ne wanda ake auna ka da shi? A farkon League of Legends, lambar Elo a fili take. Daga 2013 kamfanin Riot ya rufe ta, ya kawo matakai masu sunayen ƙarafa, Tagulla, Azurfa, Zinariya, har zuwa sama, daga baya aka ƙara Ƙarfe a ƙasan Tagulla. Lambar gaskiya tana nan a ɓoye, da ita ake zaɓo maka abokan karawa, ita ce kuma ke yanke yawan makin da za ka samu ko ka rasa a tsanin da kake gani. Mudu biyu ke nan, ɗaya a kan tebur, ɗaya a ƙarƙashi. Masu kare wannan suna cewa jinƙai ne: lamba tsirara tana tsorata mutane, tana sa su daina wasa don kada ta sauka, alhali mataki yana ba mutum wurin tsayawa da abin hange. Akwai gaskiya a nan. Amma a lura da abin da ake yi duk sabuwar kaka: a turo kowa ƙasa ya sake hawa, alhali ba wanda gwanintarsa ta ragu a daren da kakar ta canja. Wannan hawan ba awo ba ne, aiki ne aka ƙirƙiro maka don ka dawo. Dota 2 yana nuna wa mutum lambarsa, Counter-Strike 2 ma ya fito da lamba a fili a 2023, kuma a wannan gaɓar ina tare da su. Babba ne ya zauna wasa, a faɗa masa gaskiya ya san yadda zai yi da ita.

Shakkar da ɓoyon ke haifarwa ba ta banza ba ce. A 2017 wasu masu bincike, ciki har da ma'aikatan kamfanin EA, sun wallafa wata takarda da ke nuna yadda za a iya haɗa 'yan wasa ba don karawa ta yi daidai ba, sai don a rage yiwuwar su ajiye wasan. Wallafa dabara ba shi ne aiki da ita ba. Amma tun da aka san ana iya yi, duk wanda aka ci sau biyar a jere yana da dalilin tambaya ko sa'a ce ko shiri, kuma mudun da ke ƙarƙashin tebur ba zai iya wanke kansa ba.

Wani abin da ke ba mutane haushi, ko da tsarin na gaskiya ne, shi ne ladan ƙwarewa a nan ƙarin wahala ne. Ka ƙware, a kawo maka waɗanda suka fi na jiya. Duk inda ka kai, rabin wasanninka za ka ci, rabi a ci ka, sai fa 'yan tsirarun da ke can ƙololuwa. Manyan 'yan Call of Duty sun daɗe suna kuka da wannan, suna cewa a bar su su shaƙata. Kamfanin Activision ya bayyana a 2024 cewa ya yi gwaji a ɓoye: ya sassauta haɗa tsara da tsara ga rabin 'yan wasan Arewacin Amurka. Sakamakon shi ne mutane suka fi fita a tsakiyar wasa, kuma aka samu raguwar masu dawowa a kusan kowane rukuni, ban da kashi goma na sama. Wato shaƙatawar da gwani ke nema, da naman wani ake yin ta. A nan ne na ga ainihin amfanin tsanin, kuma ba shi ne wanda ake tallatawa ba. An ce an yi shi ne don a ɗaukaka na sama. Babban aikinsa shi ne katanga ce da ke kare na ƙasa, don mai koyo ya samu wanda zai iya karawa da shi.

Shi ya sa gwanin da ke buɗe sabon akawun don ya faɗa cikin masu koyo yake aikata abin da ya wuce wasa. Ya yi wa tsarin ƙarya, kuma mutum tara ne ke biyan kuɗin ƙaryar: biyar an yi musu cin zali, huɗu an ba su nasarar da ba tasu ba, lambobinsu duka sun gurɓace. A damben gargajiya ba a rubuta wa kowa lamba, amma idan babban ɗan dambe ya shiga fili ya zaɓi ƙaramin yaro, 'yan kallo ne za su hana, domin sun san fuskarsa. A intanet ba fuska, sai suna, kuma suna kyauta ne. A Satumban 2023 Valve ta sanar da rufe irin waɗannan akawun 90,000 a Dota 2, ta kuma ce za ta bi sawunsu zuwa ainihin akawun masu su.

Ɗaya gefen cinikin shi ne sojan gona: ka biya gwani ya hau akawun ɗinka ya kai maka shi matakin da ba za ka iya kaiwa ba. A Koriya ta Kudu abin ya yi girman da majalisa ta sa baki, kuma tun 2019 mai sana'ar yi wa wasu wannan hawan yana iya fuskantar ɗaurin da ya kai shekara biyu ko tarar da ta kai won miliyan 20. Mai sayen kuwa, abin da ya saya yana da ban mamaki. Takardar shaidar bogi aƙalla tana iya samo wa mutum aiki, kuma ba kullum ake sake yi masa jarrabawa ba. Matakin gem jarrabawa ce da ake sake zaunawa kowane dare. Ranar da gwanin ya miƙa masa akawun ɗinsa, kwamfuta za ta haɗa shi da mutanen matakin da ya saya. Za su gane shi cikin minti biyar, abokansa huɗu za su faɗi saboda shi, lambar kuma za ta fara gangarowa, maki ashirin-ashirin, zuwa inda aka ɗauko ta.